Jakin Baba da Jirgin Makka

Ran da Baba ya sauka daga aikin Hajji a shekarar 2023, mota biyu muka yi daga Ɗambatta muka je taryensa a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano. Kowa baki har kunne. Amma tun kafin mu wuce Dawanau na lura shi Alhajin ba ya cikin walwala. Da fari na ɗauka gajiya ce. Sai da aka kwana biyu, 'yan barka da sauka suka ragu, muna zaune a zaure bayan sallar isha, sa'an nan ya amayar da abin da ke cinsa.

Ashe kafin su baro Makka an ɗora jakar kowane alhaji a kan sikeli. Ƙa'idar wannan shekara ita ce babbar jaka kada ta wuce kilo 32, 'yar ta hannu kuma kilo 8. Tasa ta zarce da kilo 10. Ya yi roƙo, ya yi magiya, aka ce sam. Ala tilas ya zazzage jakar ya fid da wata darduma da ya saya domin masallacin unguwarmu, da bargon da ya yi wa Inna alkawari, da rabin dabinonsa, ya bayar sadaka a can.

Ya dube ni ya ce, "Kai da kake karatun injiniya, gaya mini gaskiya. Jirgin nan da ya kwaso mu, mun kai mutum 500 a cikinsa, ga shi hawa biyu kamar bene. Kilo 10 ɗina ne zai kayar da shi? Na kai shanun huɗata biyu kasuwa ran Lahadi na sayar, na haɗa da kuɗin gyaɗa da na riɗi na shekara uku, na biya kusan naira miliyan 3, amma a hana ni darduma?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, ku yi haƙuri." Iyakar abin da na iya faɗi ke nan. A lokacin ina shekara ta biyu a nan jami'a, na haddace lissafin injuna iri iri, amma ga mahaifina ya yi mini tambaya guda ɗaya na rasa amsa. Kunyar wannan dare ita ta kai ni laburare, na yi wata da watanni ina tonon yadda ake ƙera jirgin sama da yadda ake lissafin kuɗinsa. Abin da na gano kuwa ya ba ni mamaki, domin kusan dukkansa Baba ya riga ya koya mini tun ina yaro, a bayan jakinsa. Shi ne nake so in ɗan warware wa mai karatu.

Mu fara da abin da ke riƙe jirgi a sama. Duk yaron da ya taɓa shiga mota daga Ɗambatta zuwa Kano ya san wasan miƙa hannu ta taga. In ka shimfiɗa tafin hannunka, ka ɗan ɗaga gabansa, sai ka ji iska ta yi sama da shi. Dalili kuwa shi ne hannunka ya tunkuɗa iska ƙasa, ita kuma ta rama ta tunkuɗa shi sama. To, aikin fiffiken jirgi ke nan. Abubuwa huɗu ne ke kokawa a kan kowane jirgi. Nauyi yana jansa ƙasa, fiffike yana ɗaga shi sama, inji yana tura shi gaba, iska kuma tana turje masa tana mayar da shi baya. Duk gwanintar maƙeran jirgi ba ta wuce neman yadda za a sami ɗagawa mai yawa da turjiya kaɗan ba. Shi ya sa suke yin fiffike dogo siriri, irin na ungulu wadda ke yini tana shawagi a kan mahauta ba tare da ta wahalar da kanta ba. A manyan jiragen fasinja, turin kilo 1 yakan isa ya riƙe nauyin kilo 17 ko fiye a sararin sama. Shi ya sa kuma suke hawa can ƙololuwa, wajen kilomita 10 ko 11 daga ƙasa, inda iska ba ta da kauri, ba ta da ƙarfin turjiya.

Shi kuwa injin, aikinsa huɗu ne: ya zuƙi iska, ya matse ta, ya zuba mata kananzir ya kunna, sa'an nan ya feso ta baya da ƙarfi. Man jirgi ɗan'uwan kananzirin fitila ne, sai dai an fi tace shi. Injunan jiragen farko, irin su Boeing 707 da ya fara jigila a 1958, sirara ne, ga ƙara ga shan mai. Daga baya aka gane cewa tura iska mai yawa a hankali ya fi arha bisa ga tura 'yar kaɗan da ƙarfin tsiya. Sai aka ɗora wa injin ƙatuwar fanka a gaba. Da irin wannan inji aka ƙera Boeing 747, wanda ya fara tashi a 1969, ya fara ɗaukar fasinja a 1970. Shi ne mai hawa biyun da ya kwaso su Baba.

Yanzu sai mu dawo kan kilo 10. Wannan jirgi, samfurin da ake kira 747-400, in babu kowa babu komai a cikinsa nauyinsa wajen tan 180 ne. Iyakar nauyin da aka yarda ya tashi da shi bai kai tan 400 ba. Mai karatu zai ce ai ga sarari nan fiye da tan 200, me za a yi da shi? Amsa ita ce galibinsa na mai ne, kuma ba a juya shi ya koma na kaya. Man yana kwance a cikin fukafukai, mutane da kaya kuwa suna cikin gangar jiki. Fukafukai su ne ke ɗagawa, gangar jiki tana rataye a tsakaninsu, kamar mutum biyu da suka saɓo gora da tulu a tsakiyarta. In tulun ya cika nauyi, gorar ce za ta karye, komai ƙarfin masu ɗaukar. Don haka nauyin mutane da kayansu yana da tasa iyaka dabam, wadda ba ta wuce tan 60 da 'yan kai ba.

To, mu ƙaddara alhazai 500 ne, kowanne nauyin jikinsa kilo 75, kayansa kilo 40. Ka ga an sami tan 57 da rabi ke nan. In kowa ya ce a bar masa kilo 10 kacal, an ƙara kilo 5,000, watau buhun masara 50. Nan take an taɓo iyaka. Kuma ba wanda zai iya barin Baba ya wuce da tasa darduma ya hana na bayansa. Ashe kilo 10 ɗin ba na Baba ne shi kaɗai ba, na mutum 500 ne.

Nan ne na tuna da jaki. Lokacin kai taki gona da rani, ni ne mai riƙe igiya, Baba yana cika mangala. Bai taɓa yarda gefe ɗaya ya fi ɗaya ba. In ya ga ta karkace, sai ya ɗebi na wannan gefe ya mayar wancan, yana cewa kayan da ya karkata shi ke fasa bayan jaki. Haka nan jirgi yake. Kafin kowane tashi sai an rubuta takardar lodi, an san nauyin da ke gaba da wanda ke baya, matuƙi ya duba ya sa hannu. In gaba ta yi nauyi, hanci ba zai ɗagu a kan lokaci ba. In baya ce ta yi, sai ya ɗagu fiye da kima. Wannan awo da alhazai ke jin haushinsa, da shi ake cika takardar.

Akwai wani darasi kuma da fataken da suka san shi sarai. Dabbar da za ta yi doguwar tafiya inda babu kiwo, dole ta ɗauki harawarta a bayanta, kuma gwargwadon yawan harawar gwargwadon raguwar hajja. Jirgi irin na su Baba yakan sha wajen tan 10 na mai a kowace sa'a. Abin takaici, man da zai sha a sa'a ta biyar sai ya ɗauke shi tun daga sa'a ta farko, ɗaukar tasa kuma da mai ake yinta. Watau mai ma yana shan mai. Daga Kano zuwa Jidda wajen kilomita 3,400 ne in an miƙe ta kan Cadi da Sudan. Amma a watan Afrilu na 2023 yaƙi ya ɓarke a Sudan, aka rufe sararin samaniyarta, sai jiragen alhazai suka koma yin zagaye. Kamfanonin suka nemi ƙarin dala 250 a kan kowace kujera. Ka ji yadda harbin bindiga a Khartum ya taɓa aljihun manomi a Ɗambatta.

Wannan magana ta nisa da mai ita ce ma tarihin filin jirgin Kano. A ranar 1 ga Nuwamba 1925 jiragen sojan Ingila guda uku da suka taso daga Masar suka sauka a filin sukuwa na Kano, su ne jirage na farko da suka taɓa ƙasar Nijeriya. A 1936 aka fara jigilar wasiƙu ta sama tsakanin Khartum da Kano. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen farfela da ke tafiya daga Turai zuwa kudancin Afirka ba su iya yin tafiyar da numfashi ɗaya, sai sun ya da zango sun sha mai bayan ƙetare Sahara. Kano ta zama zangonsu, kamar yadda ta kasance zangon ayarin raƙuma tun zamanin da. Da aka ƙera jiragen da ke iya dogon zango, sai suka riƙa wucewa ta samanmu ba ko sallama. Kamfanin KLM na ƙasar Holan, wanda ya daɗe yana sauka Kano, shi ma ya daina a 2012. Ci gaban da maƙera suka samu a can, shi ya rage wa zangonmu baƙi a nan.

Sai maganar kuɗin kujera, wadda ta fi ci wa Baba tuwo a ƙwarya. Direba a tashar Ɗambatta ba ya tashi sai motarsa ta cika, domin ya san man da zai ƙona da mutum uku kusan shi zai ƙona da mutum goma. Jirgi ma haka, sai dai shi yana da lokaci, ba ya jira. Da zarar an rufe ƙofa, kujerar da ba kowa ta zama asara har abada. Ta fi tumatirin 'yan noman rani na madatsar Tomas saurin lalacewa, don shi tumatir in bai sayu ba a iya yanka shi a shanya. Saboda haka abin da masu jirage ke lissafawa kullum shi ne nawa kujera ɗaya ke ci a kowane kilomita, kuma kujera nawa za a cika kafin a mayar da uwar kuɗi.

A kan wannan ma'auni ne doki ya sha kaye a hannun jaki. Ingila da Faransa sun haɗu sun ƙera jirgin Concorde, mai gudu ninki biyu na gudun sauti. Ya yi jigila daga 1976 zuwa 2003. Amma mutum 100 kawai yake ɗauka, ga shan mai kamar rairayi, har guda 20 kaɗai aka ƙera. Shi kuwa 747, mai tafiyar hankali da babban ciki, an ƙera guda 1,574 kafin a miƙa na ƙarshe a watan Janairu na 2023. Shi ɗin ma abin da ya ture shi bai fi shi gudu ba, ya dai fi shi tsimi. Jirage masu inji biyu ne, irin su Boeing 787 da ya fara aiki a 2011, wanda rabin nauyin jikinsa ba ƙarfe ba ne, wani haɗin zare ne da ƙaro mai ƙarfi marar nauyi.

Mai karatu zai tambaya, in sabon jirgi ya fi tsimi, me ya sa tun zamanin Kabo Air, wanda Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo ya kafa a Kano a 1980, galibi tsofaffin jirage kamfanoninmu ke saye domin jigilar alhazai? Lissafi ne ya kawo haka. Sabon jirgi tsadarsa wajen saye take, don haka sai ya yini ya kwana yana aiki duk shekara kafin ya biya bashin kansa. Tsoho kuwa yana da arhar saye, tsadarsa wajen mai da gyara take. Wanda babban aikinsa na wata biyu ne a shekara, tsohon ya fi masa, kamar yadda mai jigilar amfanin gona da kaka kaɗai ba zai sayi sabuwar tirela ba. Ga kuma wani abu da ban taɓa tunaninsa ba sai da na zauna da alƙalami. Jirgin alhazai yakan tafi cike ya komo wayam domin ya ɗebi wasu. Bayan an gama aikin Hajji ya tafi wayam ya komo cike. Ke nan sawu huɗu yake yi a kan kowane alhaji, biyu daga ciki iska yake ɗauka, kuma duk a cikin kuɗin kujera suke.

Bugu da ƙari, kusan komai na jirgi da dala ake biya: kayan gyara, inshora, haya, da babban gyaran da akan kai shi waje a yi. A 2022 kamfanonin jiragen Nijeriya suka yi barazanar ajiye aiki, suna kukan cewa litar mai ta tashi daga naira 190 zuwa 700. A watan Yuni na 2023 aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, ta faɗi warwas. Kujerar da Baba ya biya kusan miliyan 3, a 2025 ta haura miliyan 8. Ko da yake kuɗin jirgi wani yanki ne kawai na kuɗin kujera, sauran ma, masauki da abinci da hidimar Mina da Arfa, da kuɗin waje ake biyansu.

Duk wannan magana ce ta riba da asara. Amma akwai inda lissafi ke komawa maganar rai, kuma nan ne zuciyata ta sauya game da masu sikeli. Iska mai zafi ba ta da kauri. Kano kuwa tana bisa tudu, wajen mita 470 daga doron teku, ga zafin bazara. A irin wannan yanayi fiffike ba ya samun abin tunkuɗawa sosai, inji ma ƙarfinsa yakan ragu, sai jirgi ya bukaci doguwar tsere kafin ya ɗaga. Babban jirgi cike da kaya sai ya kusa kilomita 300 a sa'a kafin ya rabu da ƙasa, titin kuma yana da ƙarshe. A ranar 4 ga Mayu 2002, da tsakar rana, wani jirgi samfurin BAC 1-11 na kamfanin EAS ya ƙure titin filin jirgin Kano kafin ya ɗaga, injunansa suka shaƙi ƙura, ya faɗa kan gidajen unguwar Gwammaja. Fiye da mutum 100 suka rasu, na cikin jirgi da na ƙasa. Masu bincike sun lissafa zafin ranar cikin abubuwan da suka taru suka jawo haɗarin.

Kafin wannan, a ranar 11 ga Yuli 1991, wani jirgi samfurin DC-8 da Nigeria Airways ta yi amfani da shi, mallakar wani kamfanin Kanada, ya taso daga Jidda da alhazai zai kai su Sakkwato. Bincike ya nuna an san wasu tayoyinsa ba su da isasshiyar iska, amma gudun kada a makara aka ce a tafi haka nan. Tayoyin suka fashe a kan titi, suka kama wuta, aka naɗe su cikin jirgi da wutar. Mutum 261 ne a ciki, ba wanda ya fita. Abin da ya kashe su bai wuce "ai ɗan kaɗan ne, ba komai" ba. Ita ce kuwa kalmar da kowannenmu ke faɗi a gaban sikeli. Hausawa sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi, ban san inda karin maganar nan ya fi dacewa ba kamar a bakin titin jirgi.

Ba ina cewa duk abin da kamfanonin jirage ke yi daidai ba ne. Alhazai suna shan zaman jiran jirgi kwana da kwanaki a sansani, wani lokaci kaya su ɓace, ba mai ba da haƙuri. Kuma da tun a wajen bita ana zaunar da maniyyata a yi musu wannan lissafi da harshen da suke ji, da ba a riƙa rabuwa da bargo ana hawaye a Makka ba. Mutumin da ya san dalilin doka ya fi wanda aka daka wa tsawa saurin binta. Amma ma'aikacin da ya ƙi karɓar roƙon Baba, yanzu na san ba mugunta ya yi masa ba.

Da hutun ƙarshen shekara na koma gida. Wata ranar Lahadi da yamma, Baba ya dawo daga kasuwa yana kwance wa jaki akumari, na matso na karɓi igiyar kamar yadda na saba. Na ce, "Baba, tambayar nan da kuka yi mini bara, na samo amsarta." Na faro masa daga mangala, na bi ta kan harawa da gora da tulu, na kawo shi kan buhu 50. Bai katse ni ba. Da na zo kan jirgin Sakkwato sai ya yi salati, ya ce ya tuna shekarar, har an yi zaman makoki a garuruwa da yawa.

Ya yi shiru wani lokaci yana shafa wuyan jakin. Can ya ce, "Watau da kowa ya yi irin tawa, da buhu 50 muka ɗora masa?" Na ce, "Haka ne, Baba." Ya ce, "To, ni ko buhu ɗaya aka ce in ƙara wa wannan bayan na gama lodi, sai mun ɓata da mutum." Ya miƙo mini akumarin, ya nufi cikin gida. Har ya kai bakin ƙofa ya waiwayo ya ce, "Amma fa bargon innarka yana nan a wuyanka. Ran da ka fara ɗaukar albashi, da shi za ka fara."

Na amsa da to. Allah ya nuna mana lokacin, ya kai masu niyya, ya dawo da su gida lafiya.